Ranar da Na Tsaya wa Najeriya a Raga

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta ranar da aka mayar da ni gola a bakin aikina. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, ina direba a wani kamfanin fata da ke Gyadi-Gyadi. Aikinmu mu sayi fatun awaki, a jeme, a ware masu kyau, a tura waje. To, a zamanin soja masu saye sun ɗauke ƙafa kaf, har Alhaji mai kamfanin ya fara zancen sa kwaɗo a ƙofa. Sai ga wani Bature ya ce zai zo ya duba kaya. In ya saya mun tsira, in bai saya ba kowa ya kama gabansa.

Ni na ɗauko shi daga masauki, tare da Alhaji da wani tafinta. Tun a mota mutumin nan ya ishe ni da sunayen 'yan ƙwallonmu. Tafinta ya ce wai abokansa sun hana shi zuwa, shi kuwa ya ce ƙasar da ke buga ƙwallo haka sai ya gan ta da idonsa. Alhaji ya taɓe baki, don a wurinsa ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce.

Bayan la'asar, muna mayar da shi ta Tarauni, ya hango matasa suna wasa a fili, ya ce atafau sai ya buga fanareti. Tsautsayi ya sa na ce na taɓa tsaron raga a firamare, nan take aka ce ni ne gola. Alhaji ya ja ni gefe.

"Sabo, in ya buga dama, ka faɗi hagu. Abincinmu na ƙafarsa."

Na ce an gama, ranka ya daɗe. Wallahi da wannan niyyar na tsaya. Amma Bature na ja da baya, sai fili ya ɗauka da "Najeriya, Najeriya". Mai shayi ya bar tukunyarsa, 'yan acaba suka tsaya. Ni Sabo, da tumbina da silifas, wai ni ne ƙasa guda. Ya buga dama, ban san lokacin da na bi ta ba. Sai ji na yi ƙwallo a ƙirjina, bakina cike da ƙasa.

Na ɗago a tsorace, na san tawa ta ƙare. Me zan gani? Alhaji ne a tsakiyar matasa, hula a hannu, yana tsalle da babbar riga. Sai da muka haɗa ido ya tuna, ya mayar da hula ya haɗe rai. Haka na ja mota muka mayar da Bature masauki.

Washegari Bature ya shiga sito, ya bi fatu ɗaya bayan ɗaya, ya cire masu tabo babu sani babu sabo, ya sayi sauran. Da zai tafi ya ce zai dawo baɗi, don sai ya rama a kan golan Najeriya. Ya kuwa yi ta dawowa.

Ku da kuke cewa ƙwallo ba ta ƙara wa ƙasa komai, ni dai abin da na gani ke nan: ba ta sayar mana da fata ko ɗaya ba, kyan fatar ne ya sayar da ita, amma ita ta kawo mai saye ƙofarmu. Alhaji, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da haka a baki ba. Sai dai duk lokacin da Baturen zai zo, da kansa yake karɓe makullin mota a hannuna, ya ce in tafi atisaye kada in kunyata ƙasa.