Motar Yaya Sani da Robar Wanki

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sani, ni kuma a daminar bana na tafka wautar da ko akuyar gidanmu ba za ta yi ba: na warware motarsa gunduwa-gunduwa.

Duk garinmu Tsiga an san motar nan. Da gwangwanin madara da na tumatir ya ƙera ta, irin manyan motocin da ke kai auduga Funtuwa. Tayoyin daga tsofaffin silifa ya yanko su, har da nawa, alhali ban gama sawa ba. Ya yi mata ƙofa mai buɗewa. In ya turo ta da dogon kara, yaran da ke bin sa sun fi 'yan kasuwar Dandume yawa. In na miƙa hannu sai ya ce, "Kai Auta, hannunka ko dutse ya shafa sai ya tsage."

Zazzaɓi ya ɗauke shi bai gama bodin baya ba.

Da zai dawo yau, ban san da me zai yi aiki ba. Madara a leda, tumatir a leda. 'Yan gwangwan sun tsince garin tas, ko ƙusa ba su bari. Abokaina kuwa motocinsu na cikin waya. Na nuna wa ɗaya tamu, ya ce, "Ina wajen cajinta?"

Haushin haka ya sa na ce bari in kankare tsatsar in ƙarasa masa. Na ɓalle komai, na baza a bayan ɗaki, na kasa mayarwa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ina makaranta mai sayen gwangwan ya zo. Inna ta tattara hujajjun tukwane, ta haɗa da tarkacen da ta gani a bayan ɗaki, ya ba ta robar wanki shuɗiya. Ba ta gane su ba. Wa zai gane?

Tayoyin kawai ya bari, don ba ya sayen roba. Su ne abin da ya rage na hannun Yaya, Allah Ya jiƙansa.

Jiya tana wanki a robar nan ta ce, "Auta, ka riƙe wa yayanka motarsa da kyau."

Na ce, "To, Inna."