Yarinyar Bencin Gaba

Shekarar da aka mayar da ni wata firamare a kan hanyar Gwaram, kullum daga Birnin Kudu nake zuwa a motar haya. Aji shida aka ba ni. A bencin gaba, dab da allo, akwai wata doguwar yarinya mai shiru-shiru, 'yar wani manomi. Ranar farko hedimasta ya nuna min ita da baki.

"Waccan kanta da nauyi, Malama, amma muna taimaka mata. Tun aji uku take zama gaba. In jarrabawa ta zo, a karanta mata tambaya ta amsa da baki. Sauran su yi ashirin, ita ki zaɓa mata biyar masu sauƙi."

Na ce to. Zango guda cur na yi haka, har ina yaba wa kaina wai ni mai tausayi.

Ranar da mura ta dusashe min murya ne na miƙa mata littafin Hausa, na ce ta karanta wa aji layi biyu. Ta miƙe ta zuba wa shafin ido, ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Da aka fita tara na ja ta gindin darbejiya, na rubuta "ba" da "da" a ƙasa da tsinke. Ta kasa bambance su. Shekara shida tana zuwa makaranta!

Na shiga ofishin hedimasta ko sallama ban gama ba.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta iya karatu ba. Ko baƙaƙe ba ta sani ba."

"To ai shi ya sa muke sauƙaƙa mata."

"Zama gaba da karanta mata tambaya, wannan don ta samu nuna abin da ke kanta ne, ban ƙi ba. Rage tambaya kuwa rage mata ilimin ne gaba ɗaya. Amma a duk shekarun nan, wa ya taɓa zama ya koya mata abin da ya gagare ta?"

Ya jawo takardar tsarin sauƙaƙa mata daga durowa, sunan yarinyar a sama, sa hannun malamai uku a ƙasa. Ya ce duk mai duba makarantu da ya gani sai ya yaba. Na dubi takardar nan, fes da ita, ko lanƙwasa babu, na ji kamar in tofar da yawu.

Na fara zama da ita kullum lokacin tara. Baƙi biyu yau, gobe mu maimaita, ranar Alhamis in gwada ta in rubuta inda ta tsaya. Wani makon mu ci gaba, wani makon mu koma baya. Ashe ba nauyin kai ba ne. An wuce ta ne tun aji ɗaya, lokacin da ta yi doguwar jinya, kowa kuma ya ga rage mata aiki ya fi komawa da ita baya sauƙi. Malaman da ke cin gyaɗa a baranda suna min dariya, wai na buɗe aji ɗaya a aji shida.

Kafin ƙarshen shekara tana haɗa kalmomi, a hankali, da yatsa. Bai ishe ta jarrabawar fita ba, kuma ba ta ci ba. Lokacin da aka ɓata mata ya yi yawa.

Duk da haka mahaifinta ya zo makaranta da ƙwaryar ƙwan zabi, bakinsa har kunne, wai ta karanta masa rubutun jikin buhun taki. Hedimasta ya karɓi ƙwaryar hannu biyu.

"Ai tsarinmu ke nan, Baba. Ba ma barin yaro a baya."

Bayan an tashi hedimasta ya aiko min da ƙwai shida a leda. Na bar su nan kan tebur na fita tarar mota.