Ƙwayoyin Makau a Ƙasan Kwalla

"Ina kinka kai su, Kulsum?"

"Mi zan yi da maganinka, Malam? Tuwo nike tuƙawa da shi?"

Katangar laka ce tsakanin gidanmu da nasu a Sunke, kuma tun daminar bara ta zaizaye, don haka da hantsin nan ina shanyar gero na ji komai. Muryar Makau, mijin Kulsum, na rawa. Ya ce kwana da kwanaki ke nan bai sha ba, kansa na juyawa, in ya waiwaya sai ya ji kamar an ƙyasta masa ashana cikin ƙwaƙwalwa.

Makau mai haƙar zinari ne. A shekarar da gubar dalma ta shigo garin, shi ne ya riƙa kawo duwatsu gida ana dakawa a tsakar gida, inda 'yarsu Muhsina take rarrafe. Ƙurar ta kashe ta. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya koma rami, ya yi shekaru yana shiga yana fita, sai wata rana ya jingine digarsa bayan rumbu, ya zauna gindin darbejiya. Abinci ya daina shiga, wanka sai an matsa, hawaye kuma ba ya ko gogewa. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe ƙanensa Maharazu ya kai shi asibiti a Gusau, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya, ya kuma ja kunnensa kada ya bari farat ɗaya.

Farkon shan bai ji daɗi ba. Tashin zuciya, bushewar baki, hamma ba barci, ƙafafu kuma sun ƙi zama wuri ɗaya. Sai ka gan shi yana kai da kawo daga zaure zuwa rijiya ba guga a hannu. Mutane suka ce maganin mahaukata ne aka ba shi. Ya ce mini, "Lubabatu, da ina cikin rijiya. Yanzu an ciro ni an aje kan tururuwa."

Sannu a hankali tururuwar ta lafa. Wata rana ya kai loma ya ce miyar ba gishiri. Kulsum ta fito ta gaya mana tana dariya, har da tafi. Bayan haka ya je aski, ya koma sahun gaba a masallaci. Sai ya jawo digar nan daga bayan rumbu, ya zauna yana feƙe mata sabuwar ƙota.

Daga ranar Kulsum ta daina ba mu labarinsa.

Yanzu ga shi ina jin ana kife kwanuka, ana jan akwati. Sai ƙarar murfin kwalla, babbar nan ta kayan aurenta.

"Ga su nan ƙasan zannuwanki," in ji shi.

"I, ni na ɓoye!" Muryarta ta tashi. "Gara in gan ka zaune awa turmi da in ji rami ya rufta da kai, ko 'yan bindiga sun tare ku hanya. Zaune dai ina ganinka."

Da ta tsaya nan, da na ce tsoro ne kawai irin na mace mai son mijinta. Ba ta tsaya ba.

"Ran nan an ambaci Muhsina gabanka, ka ce Allah ya jiƙan ta, ka ci gaba da cin gyaɗa. Gyaɗa, Malam! Wa ya kawo duwatsun? Da kana kuka, na san mu biyu ne."

A nan na gane. Ciwonsa ne kaɗai haƙurin da ya taɓa ba ta, kuma ƙwayoyin nan suna neman karɓe shi.

"Ban manta ta ba," ya ce a hankali. "Hawayen ne maganin ya riƙe. Ina neman su, ba su zuwa. Kina tsammanin wannan da daɗi?"

Na ji ya ɗebi ruwa a randa, na ji ya haɗiye. Na leƙa ta inda katangar ta gutsure. Yana tsaye bakin ƙofa, diga a kafaɗa, ɗayan hannun dafe da bango don jiri. Ya juyo, ya kama hannunta, ya damƙa mata sauran ƙwayoyin.

"Riƙe su wurinki. Kullum da safe ke za ki ba ni, da hannunki. Ranar da kinka hana, zan koma gindin icce in zauna. Amma ki zo ki zauna kina kallona."