Ruwan Mai Fenti

Duk layin an san Mai Fenti ba ya zama wuri ɗaya. Ya yi gyaran rediyo shekara biyu, ya yi ɗinki wata bakwai, ya koyi tuƙi har ya iya ribas, sannan ya ce ƙarar inji na sa masa ciwon kai. Rubuta allunan shaguna ne kaɗai ya ɗan riƙe shi, shi ma don kowane allo kwana biyu ya ishe shi. Matarsa kan ce ko shayi a tsaye yake sha, kamar mai jiran mota.

'Yar yayarsa, mai aikin buga takardu a wani ofis, ita ta kawo masa labarin cewa akwai littattafan koyon zane a intanet, kyauta, kowa ya ɗauka. Wayarsa mai madannai ce, don haka ta buga masa babi uku a injin ofis. Injin kuwa baƙar tawada kawai ya sani.

A shafi na arba'in ya tsaya. Hoton wasu masunta ne suna jan koma a bakin ruwa, duk toka-toka. Ya samo falankin katako ya fara kwaikwaya, yana cankar kalar da kansa. Ruwa dai shuɗi ne, sama ma haka, wannan ba ya buƙatar tambaya. Ya goge, ya sake, ya zagaya shago, ya dawo. Mai kanti ya zo karɓar allonsa sau uku yana komawa hannu rabbana. Wata uku cur yana kan abu ɗaya, har matarsa ta daina tsokanarsa don kada ta yi masa baki.

Ranar da ya gama, ya aika aka kira 'yar yayar tasa. Ta duba, ta ɗauko wayarta ta buɗe littafin. Ya ga tana neman mayar da ita jaka, ya miƙa hannu.

A wayar, ruwan ja ne. Saman kuma rawaya, kamar an kunna mata wuta. Babu ɗigon shuɗi ko ɗaya a hoton.

Ya ajiye wayar a kan benci. Ya fita ƙofar shago, ya dawo, ya gyara gwangwanayen da ba su karkace ba. Ya buɗe na farin fenti, wanda yake shafe tsofaffin alluna da shi, ya tsoma burushi. Matarsa, da ta kawo masa abinci, ta ce a hankali wa ya sani, ƙila gobe a wayi gari ya koma gyaran agogo. Yarinyar ta ba shi haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta nuna masa tun farko ba.

Fenti na ɗiga a ƙasa, shi kuwa idonsa na kai-komo tsakanin wayar da katakon. Can ya share burushin a bakin gwangwani.

"Mai zanen nan da yamma ya je bakin ruwan," in ji shi. "Ni da hantsi na je."

Yarinyar ta ce to za ta nemi inda ake bugawa da kala.

"A'a, 'yata. Kawo babi na huɗu a yadda kika saba. Sai na gama ki nuna mini mai kalar."

Ya jingina masuntansa da bango, ya jawo benci ya zauna. Abincin ma a zaune ya ci, ko da yake ƙafarsa ɗaya ba ta daina kaɗawa ba.