Amyoyin Ɗanliti

A wani ƙauye bakin daji, kudu da Burumburum, an yi wani mutum wai shi Ɗanliti mai zuma. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, amma hannunsa na da albarka. Zai saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya ɗora a reshe, ƙudan zuma su zo su tare. Da wannan ya ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa.

A yankin kowa ya sani, bishiyar da ke ɗauke da amya tana da mai ita, ba a sa mata gatari. Ga kuma malamin daji yana zagawa a keke, ana shakkarsa.

Sai kananzir ya ɓace a birni, zamanin soja. Gwamnati ta ce gobe, ta ce jibi, matan Kano suka koma gawayi. Malamin daji kuwa albashi ya daina zuwa, keken ya mutu, ya zauna a gida abinsa. Kai jama'a! Kan ka ce me, ko'ina ramin gawayi, hayaƙi ya turnuƙe daji.

Ɗanliti ya ga furen da ƙudansa ke sha yana ƙarewa, tsoro ya kama shi. Ya zauna saƙa ba ji ba gani. Duk wata ƙatuwar kirya ko ɗorawa ko kaɗanya sai da ya rataya mata amya, fanko, ba ƙuda ko ɗaya a ciki.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, iska za ka tatsa a cikinsu?"

Ya ce, "Ke dai ki zuba ido."

Mutanen gari sun gane wayon sarai, amma kunya ta hana su saran bishiya mai amya. Aka ci damina a haka, Ɗanliti har da taƙama.

Da rani sai ga baƙi 'yan gawayi a babbar mota, da injin yanka, da izini daga wani ofis. Su ina ruwansu da kunyar ƙauye? Ɗanliti ya ji kukan inji ya sheƙo a guje, ya tarar da kirya a ƙasa, amyarta ta fashe. Ya durƙusa gaban ogansu.

"Ranka ya daɗe, wannan tana da mai ita. Ba ka ga amya ba?"

Ogan ya ce, "Au, baba, kai ne ka rataya su? Wallahi ka hutar da mu." Ya juya ga ma'aikatansa. "Ku daina yawon nema. Duk inda kuka ga amya ku yanka, tsohon ya zaɓar mana masu kyau."

Kafin kaka hayaƙi ya kori sauran ƙudan. Baƙin ciki ya ci Ɗanliti, bai sake saƙa amya ba har ya rasu. Garinsu yanzu ko zumar magani sai an aika Doguwa.