Bikon Tanko Mai Inji

Duk wanda ya taɓa shiga jirgi a bakin ruwan Yelwa ya san Tanko mai gyaran inji. Daga tsallake yake jin tarin inji ya faɗa maka ciwonsa, amma matarsa Hauwa ta daɗe tana magana a ɗaki ɗaya da shi, bai ji ba. Ran nan ta ɗaure kayanta ta yi yaji, sai gidan ubanta can kan dutse bayan Ngaski.

Kowa ya ce, "Tanko, tashi ka tafi biko tun zuciyarta ba ta bushe ba." Gwanin naka ya ce ai matsalar hanya ce. Hanyar kuwa ta awaki ce, duwatsu da kwana-kwana. Baburinsa tsoho ne mai shan fetur haɗe da baƙin mai, ƙarfinsa sai a guje, da an sassauta a hawa sai ya mutu. Tafiya da ƙafa fa? Haba, injiniya guda!

To, aiki ya samu. Ya sa wa ƙafar baya babban faranti mai yawan haƙora, ya ƙara wa sarƙa tsawo. Ya kwance kafireto ya daidaita iska, ya gasa salansa ya kakkaɓe baƙin da ya toshe ta. Damina ta kusa fita yana abu ɗaya. A kwalta mai keke na wuce shi, amma wallahi a hawa babur ya koma kamar sa a garma.

Ya haye dutsen nan ko ƙafa bai sauke ba. Surukinsa ya yi ta ba Hauwa haƙuri har ta hau baya. Sai gangara. Birki kuwa ko kallonsa bai yi ba, don mutumin ruwa ne: jirgi in za a tsaya, kashe inji ake yi ruwa ya riƙe shi. Tanko ya kashe inji, ya saki giya.

A gonar dawa suka tsinci kansu. Ya zabura a ruɗe, ya yi kan babur yana shafa tanki. Ni abin nan har yau yana ƙona min rai.

Hauwa ta tashi da kanta, gwiwa na jini, ta ɗauki ƙunshinta.

"Malam, da sauƙi dai jikin nasa?"

"Salansa ce kawai ta lotse."

"Allah Ya ba shi lafiya," in ji ta, ta juya ta kama hawa.