Dattijuwar da aka kora a kan laifina

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya a Dakoro na yi abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Wata Juma'a na zare wayar firigo, na'urar sanyin da muke ajiye allurar rigakafi a ciki, don in yi cajin salulata, na manta ban maida ta ba, na tafi gida. Kafin Litinin maganin duka ya lalace. Da majo, shugabanmu a wurin aiki, ya tara mu yana tambaya, sai wani ya ce ai mai shara ce ke taɓa wayoyi in tana goge ƙasa. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku. Ta rantse, ta yi kuka har tana share ido da bakin zanenta. Ina tsaye, ban ce uffan ba. Aka sallame ta. Ranar Lahadi na tafi majami'a na ja waƙa kamar kullum.

Bayan wata takwas aka tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani can wajen Tagriss. Ni kaɗai ne ma'aikaci, ni kaɗai ne Kirista a garin. Da ruwa ya sauka, makiyaya suka yi arewa da dabbobinsu, wani yinin mutum biyu kawai zan gani. Waya ba ta shiga sai na hau tudun bayan rijiya.

Ran Lahadi nakan shimfiɗa tabarma in karanta Maganar Allah, in yi waƙa ni kaɗai. Ba ganga, ba mai yaba muryata. Amma da na zo neman gafara sai fuskar matar nan ta tsaya mini. Nakan ce wa kaina ai ba ni na ambaci sunanta ba. Na yi azumi, na riƙa bin marasa lafiya har rugga da ƙafa, ina zaton hakan zai wanke ni. Bai wanke ba.

Wata safiya ƙaramin firigon wurin, mai aiki da hasken rana, ya tsaya. Kafin ma in duba abin da ya same shi, sai na ji zuciyata ta riga ta shirya magana: zan ce tsohon da ke gadin wurin ne ya taɓa. Mutumin da kowace safiya yake kawo mini nono a ƙwarya! Waya ce kawai ta saki, na maida ta cikin minti biyu. Amma na zauna a ƙasa na daɗe ina kuka, don na gane abin ba tsautsayin rana ɗaya ba ne, hali ne ya zauna a cikina. Ranar na faɗa wa Ubangiji laifin da sunansa, ban ƙawata shi ba.

Na hau tudu na kira fastonmu na gaya masa duka. Ya ce, “Ɗana, Ubangiji ya ji ka, ya kuma yafe. Amma ita ba ta ji ba tukuna.”

Da hanya ta bushe na bi motar kasuwa zuwa Dakoro. Na fara da majo, na gaya masa gaskiya. Ya yi mini faɗa sosai, ya rubuta mini takardar gargaɗi. Dattijuwar kuwa na same ta a bakin kasuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Na durƙusa.

“Inna, ni na zare wayar nan. Na bari aka kore ki.”

Ta dube ni. “Na sani. Na ga salularka a jikin bango ranar.”

“To, me ya hana ki faɗa?”

“Wa zai ji mai tsintsiya ya bar mai farar riga?” Ta gyara tirenta. “Na yafe maka don Allah. Amma kada ka ce in yi dariya yau.”

Abu ɗaya ta roƙa: a faɗi gaskiya a gaban ma'aikatan da suka ga kukanta. Majo ya tara su, na faɗa da bakina. Aikinta bai dawo ba, an riga an ba wata. Na koma arewa na ƙara shekara biyu. Duk zuwana gari sai na je na gaishe ta, takan amsa a taƙaice. Sai a zuwa na huɗu ta tambaye ni ko na ci abinci, ta matsa mini wuri a tabarmarta.